Garantin Babur ɗin Renzo

Litinin, 4 ga Agusta, ƙarfe goma na safe

Babur ya tafi shekaranjiya. Gareji ya yi faɗi kamar ba namu ba, sai tabon mai a siminti.

Nas ɗin asibitin Townsville ce ta ba ni wannan littafi, wai in riƙa rubuta abin da nake gani game da mijina kullum: me ya ci, me ya riƙe, me ya saki. Ba zan iya ba. Shekara talatin da takwas ina zaune da mutum, ba zan koma mai leƙen asirinsa ba. Zan rubuta abin da na ga dama.

Wadda ta saya sunanta Lupe Taufa, malama ce a 'yar makarantar firamaren da ke can saman dutse, tafiyar awa ɗaya da 'yan mintoci daga nan Ingham. Iyayenta 'yan tsibirin Tonga ne, uban yana tuƙa injin yankan rake. Doguwa ce, mai dariya da ƙarfi. Ni na nuna mata babur, ni na miƙa mata makulli. Mijina Renzo bai fito ba. Yana kicin, a bayan labule, yana zaton ban gan shi ba.

Saura abu ɗaya. Lokacin da ya sayi babur ɗin ya biya ƙarin garanti na shekara biyar, kuma akwai sauran shekara biyu da wata huɗu. Kamfanin ya yarda a mayar da shi sunan sabon mai shi, muddin fom ya isa hannunsu cikin kwana ashirin da ɗaya. Ke nan Juma'a, 22 ga wata. Na cike komai da safen nan: lambar inji, kilomita, tambayoyi tara na E ko A'a. Na haɗa da littafin sabis, duk shafukan da hatiminsu. Sa hannu biyu kawai ya rage, nata da nasa.

Talata, 5 ga Agusta, ƙarfe ɗaya na rana

Na ajiye masa fom da biro kusa da faranti. Ya ce gobe.

Alhamis, 7 ga Agusta, ƙarfe huɗu na yamma

Gobe.

Na share fasasshen kofin da ya suɓuce masa kafin ya dawo daga banɗaki. Shi bai ce ba, ni ban ce ba. Na uku ke nan daga cikin waɗanda mahaifiyarsa ta bar mana.

Asabar, 9 ga Agusta, ƙarfe biyar na yamma

Lupe ta zo sa hannu. Tun daga kan kwana muka ji ƙarar injin, na ga wuyan Renzo ya miƙe kamar na karen da ya ji takun ubangidansa. Ta shigo da kwano a jakar baya, naman rago da ganyen gwaza da madarar kwakwa, in ji mahaifiyarta.

"Anti Noela, Mama ta ce ba a karɓar abin hawa a gidan mutane a tafi hannu rabbana."

Yau dai Renzo ya zauna da mu. Ya sa hannun dama a ƙarƙashin tebur. Tun daga gaisuwa ta fara kiransa Kawu, ya ji daɗi, na gani a fuskarsa.

"Wace hanya kike bi?" ya tambaye ta.

"Kawu, hanya nawa ce zuwa saman dutsen? Sai dai in yi fiffike."

"A gangara, nawa kike gudu?"

"Kai ma irin Babana ne ashe. Shekarata ashirin da tara, amma sai da ya zaunar da ni kamar mai neman izinin zuwa rawa. Ya ce tsohon babur, a kan wannan hanya? Sai da na nuna masa maganar garanti. Ya ce to, tunda kamfani ya tsaya masa, lafiyayye ne."

Ta yi dariya, ni ma na yi. Renzo bai yi ba. Ya ce, "Kan babur ɗin ba ya rawa in kin kama birki?"

"Ko kaɗan. Ka riƙe shi kamar jariri, kowa ya gani ya sani."

Ta sa hannunta, ta tura masa takardar. Ya dube ta, ya dubi biro, ya ce ya bar gilashinsa a ɗaki. Ya tashi bai dawo ba. Gilashin yana aljihun rigarsa, ita ma ta gani. Na ce mata kada ta damu, akwai lokaci.

Na san abin da yake gudu. Mutumin da ya yi shekara arba'in yana gyaran injunan matse rake, ba ya so yarinya ta zauna tana kallon yadda biro yake yi a hannunsa.

Litinin, 11 ga Agusta, ƙarfe sha ɗaya na safe

Na kira kamfanin. Minti ashirin ina sauraron kiɗa kafin wata mata ta ɗauka.

Na ce ko matar mutum za ta iya sa hannu a madadinsa. Ta ce a'a, sai da takardar wakilci daga lauya. Na ce to in sa hannun bai yi kama da na da ba fa? Ta ce me zai hana ya yi kama?

Na leƙa in ga ko Renzo yana kusa. Ta ce, "Kina ji na?"

Na ce ya ji ciwo a yatsa. Ta ce ba komai, ya yi yadda zai iya, a sami shaida ɗaya ya rubuta sunansa a ƙasa. Ta ƙara da cewa in ranar ta wuce ko da awa ɗaya ce, garantin ya mutu, ba a tayar da shi.

Na gaya wa Renzo. Na ce ko layi ya ja ya isa, zan rufe ƙofa, zan juya baya. Ya ce, "Noela, ki ƙyale ni in sha kofina."

Talata, 12 ga Agusta, ƙarfe bakwai na safe

Saura kwana goma. Jirgin ƙasa mai ɗaukar rake ya wuce sau uku tun asuba, kowane sai tagogi sun amsa.

Laraba, 13 ga Agusta, ƙarfe shida na yamma

Townsville. Ni na tuƙa, zuwa da dawowa, tunda sun ce ya daina.

Sun faɗi abin da suka faɗa: ciwon hannun nan ba mai warkewa ba ne. Likitan ya jawo kujerarsa kusa da mu kafin ya fara, tun daga nan na gane. An ba mu takardu masu hoton tsofaffi suna murmushi a lambu. Suna cikin mota, ban shigo da su ba.

A hanya ya ce rake ya yi kyau bana. Na ce ya yi.

Gianna, 'yarmu, ta kira daga Brisbane. Ya ce wa 'yarsa lafiya lau, jijiya ce ta ɗan danne.

Juma'a, 15 ga Agusta, ƙarfe uku na rana

Na yi abin kunya.

Na ɗauko tsohon katinsa na ƙungiyar masunta, na zauna da ambulan ina kwaikwayon sa hannunsa. R babba mai ƙugiya, G ta Gattera mai doguwar jela. Na yi kusan sau goma sha biyar, na ƙarshen har ni ya so ya ruɗe ni. Ban ji shigowarsa ba.

"Me kike yi?"

"Abin da ka ƙi yi."

Ya fizge ambulan da hannun hagu. Ban taɓa ganin idonsa haka ba. "Kada ki kuskura ki sa sunana a takardar nan. Kin ji ni? Kada ki kuskura."

Na ce yarinyar nan ta saya ne saboda garanti, ni na yi mata alkawari da bakina, a gidana. Na ce girman kai ba zai warkar da shi ba. Na faɗi wasu abubuwan da ba zan rubuta ba.

Ya ce, "Ke ba ki san komai ba."

"To sanar da ni!"

Ya fita gareji, ya zauna a kan akwatin kayan aiki. Har yanzu yana can. Ba abin da ke cikin garejin da za a kalla.

Asabar, 16 ga Agusta, tsakar rana

Ba mu yi magana ba. Na dafa taliya, ya ci rabi.

Lahadi, 17 ga Agusta, ƙarfe biyu na rana

Ni kaɗai na je coci. A bakin ƙofa na haɗu da Lindsay, bakaniken da yake yi wa babur ɗin sabis tun yana sabo, abokin kamun kifin Renzo.

"Ina tsohon rigimammen? Na ji ya sayar da amaryarsa bai ko gayyace ni biki ba."

Na ce yana gida, mura.

"Da ya kawo mini na duba shi kafin ya sayar. Rabona da babur ɗin nan tun Fabrairu. Sai a Maris ya zo ya sayi hannun birki da madubi da gwangwanin baƙin fenti, wai iska ce ta tunkuɗe shi a gareji. Na ce kawo in ɗaura, ya ce shi ma yana da hannu."

Na yi dariya don ya yi dariya.

A Maris ne Renzo ya yi sati biyu yana ɗingishi. Ya ce daga tsani ya zamo yana share magudanar rufi. Na shafa masa magani a kafaɗa da hannuna. Tun daga lokacin bai ƙara hawa babur ba, ni kuwa na ɗauka damina ce ta hana shi.

Garejinmu ƙofa ɗaya gare shi, kuma a rufe take kullum. Iska ta ina?

Ban tambaye shi ba. Na tsaya a bayansa yana kallon wasan ƙwallo, sannan na koma kicin.

Litinin, 18 ga Agusta, ƙarfe bakwai da rabi na yamma

Zan rubuta yadda abin ya faru.

Muna cin abincin rana na ga saƙon Lupe a wayata. Tun safe ta aiko kafin ta bar gari, ban lura ba. Na karanta a fili, da gangan, don ya ji kunya:

"Anti, yaya maganar fom? Gaya wa Kawu bakinsa ya kama ni. Tun Juma'a kan babur yake ɗan rawa in na kama birki a gangara, da wata 'yar ƙara. Gara garanti ya zo in kai a duba kyauta!"

Cokali ya faɗi. Wannan karon ba hannun ba ne.

"Ƙarfe nawa suke tashi?"

"Uku."

"Kira ta. Yanzu. Ce mata kada ta hau."

Na kira, ba layi. Can saman ba a samun waya sai a gindin wata bishiya, ta taɓa gaya mana. Na kira lambar makarantar, ta yi ta ringi har na'ura ta ɗauka. Na sake, na sake. Malamai biyu ne kacal a wurin, ranar Litinin kuma suna fili da yara. Agogo ya ce biyu saura kwata.

Ya riga ni isa a-kori-kura. Ya tsaya a ƙofar direba, sannan ya tuna, ya zagaya.

A mararrabar bayan gari jirgin rake ya tare mu. Taragu ba iyaka, suna tafiya kamar masu rakiyar gawa. A nan ya faɗa mini, yana kallon gilashin gaba.

Ba tsani ba ne. A kan hanyar dutsen nan ce, wata Talata a Maris. Ya zo kwana, ya ce wa hannunsa kama birki, hannun ya ƙi. Ya daki ƙarfen gefen hanya. Ba kowa. Ya ɗaga babur ɗin, ya lallaɓo gida ina wajen aikin sa kai a coci. Ya canza abin da ya karye. A wuyan babur, inda ƙarfen gaba ya haɗu da jiki, ya ga wani siririn layi kamar gashi. Ya ce wa kansa fenti ne ya tsage. Ya fesa sabo a kai.

"Tambaya ta bakwai," ya ce. "Ko babur ya taɓa faɗuwa ko yin hatsari. Kin sa A'a."

"Don ban sani ba!"

"Na sani. Shi ya sa na kasa sa hannu."

"Ka kasa sa hannu, amma ka iya tsayawa a bayan labule kana kallo ta hau ta tafi?"

 Jirgin ya wuce. Na taka mota yadda ban taɓa yi ba a rayuwata.

Hanyar nan kwana a kan kwana ce, rami a hagu. Kowace kwana na shawo ina jiran in ga wani abu a kwance. Renzo yana ta cewa, "A hankali, Noela, yi sauri." Uku ta yi muna hanya. Uku da minti biyar motar ɗaukar yara ta wuce mu tana gangarowa.

Da muka shiga harabar makarantar Lupe tana kan babur, inji a kunne, tana ɗaure igiyar hular kwano. Wata uwa ce ta tsayar da ita da surutu a kan karatun ɗanta. Allah ya saka wa matar nan, ban ko san sunanta ba.

Na danna oda ban saki ba. Renzo ya fita tun ban gama tsayawa ba, ya yi tuntuɓe, ya tashi, ya je ya kashe injin da hannun hagu ya zare makulli.

"Kawu! Lafiya?"

Ya gaya mata a tsaye a wurin, gaban matar da ɗanta. Bai rage komai ba.

Mun sauko da ita a mota, tana tsakiyarmu, hular a cinyarta. Awa ɗaya da minti goma tana kallon hanya. A ƙofar gidansu ta sauka, ta ce, "Na gode da kuka kawo ni, Misis Gattera."

Talata, 19 ga Agusta, ƙarfe huɗu na yamma

Lindsay ya hau da motarsa ya ɗauko babur. Ya kankare fentin ya kira mu. Layin ya zagaye fiye da rabin wuyan, farce yana shiga.

Bai yi wasa ba yau. Ya ce, "Birki mai ƙarfi biyu, ko uku. Ko rami ɗaya, da ya karye." Ya dubi Renzo. "Shekara talatin muna kamun kifi a jirgi ɗaya, abokina. Da ka gaya mini."

Renzo ya ciro hannun daga aljihu ya ɗaga masa. Suka tsaya su biyu suna kallonsa. Lindsay ya juya ya shiga neman wani abu a cikin durowa, ya daɗe bai samu ba.

Laraba, 20 ga Agusta, ƙarfe tara na safe

Na mayar wa Lupe da kuɗinta ta banki. Na aika saƙo biyu. Ta karanta.

Alhamis, 21 ga Agusta, ƙarfe shida na yamma

Mahaifin Lupe ya zo. Malakai Taufa, da kayan aiki a jikinsa, ƙaiƙayin rake har a gira. Ya cika ƙofar. Ya ƙi zama, ya ƙi shayi.

"Kwana goma sha shida," ya ce. Muryarsa a ƙasa take, da ma ihu ya yi. "Safe da yamma. Ni na ce mata ta saya. Matata ta dafa muku abinci."

Renzo ya miƙe tsaye. Ya ce ba shi da abin cewa da zai wanke shi.

"Ban zo wanke ka ba. Na zo in ji dalili. Kuɗi ne?"

"A'a."

"To me?"

"In na ce na faɗi, sai an tambaye ni me ya kayar da ni. Ban shirya ji ba. Na yi ta gaya wa kaina fenti ne, har na kusa yarda."

Malakai ya juya hularsa a hannu. Ya ce, "Tsoronka ka ɗora wa 'yata ta hau dutse da shi."

"Haka ne."

"Ranar Lahadi zan tsaya gaban jama'a in ja addu'a, ban san yadda zan yi da kai a cikinta ba." Ya sa hularsa. A bakin ƙofa ya juyo gare ni. "Ke kika tuƙa?" Na ce ni ce. Ya gyaɗa kai sau ɗaya, ya tafi.

Juma'a, 22 ga Agusta, ƙarfe sha ɗaya na safe

Ba sauran abin da za a mayar wa kowa, babur ya dawo sunanmu. Amma Renzo ya ce in kawo fom ɗin. Ya soke A'a ɗina a tambaya ta bakwai, ya sa E. Ya ce in rubuta a baya abin da ya faru da ranar da ya faru, da cewa a soke garantin, kada wani ya sake sayen babur ɗin nan da sunan lafiyayye. Sannan ya sa hannu. Minti huɗu. Ban juya baya ba, bai ce in juya ba. Lindsay ya yi shaida.

Za a sayar da injin daban. Jikin, Lindsay zai yanka shi biyu.

Talata, 26 ga Agusta, ƙarfe uku na rana

Na hango Lupe a kantin magani. Da motar yayanta take zuwa aiki yanzu. Ta gan ni. Na ɗauka za ta bi wani layin, sai ta zo.

Ta ce, "Yaya jikinsa?"

Na ce yana nan.

Ta ce, "Har yanzu in na shawo kwanar da ya ce ya faɗi sai in rage gudu kamar zan tsaya. Ba zan iya zuwa gidanku ba tukuna. Ki gaya masa na tambaya, amma kada ki ce masa komai ya wuce."

Na ce ba zan ce ba. Na gaya masa daidai yadda ta faɗa.

Alhamis, 28 ga Agusta, ƙarfe bakwai na yamma

Yau na tambaye shi me kuma ban sani ba. Na ce ina so in ji duka, yanzu, ba a gaban jirgin rake ba.

Ba a Maris ya fara ba. Tun Disamba ne. Maɓallan riga. Ƙugiyar kifi da ya kasa ɗaurewa, ya ce wa Lindsay ido ne. Ranar da ya ce reza ta ɓace ya fara barin gemu, ni kuwa har na yaba masa. Ya yi ta lissafowa, ina zaune ina jin watanni takwas na rayuwata suna canza kama ɗaya bayan ɗaya. Da ya gama ya ce gobe zai kira Gianna, in zauna kusa da shi.

Ban yafe masa ba. Na gaya masa haka, ya ce ya sani.

Da na zo zuba abinci, na yayyanka masa naman ƙanana tun a kicin, na kawo na ajiye. Ya dubi farantin, ya dube ni. Na ɗauka zai ture.

Ya ɗauki cokali mai yatsu da hagu, ya ci, ya ce gishiri ya yi kaɗan.